Tsagewar tsoka: ka bar kumburi ya yi aikinsa, ka kuma tabbatar ya tafi a kan kari

Duk wanda ya saba zama bakin filin kokowa a Tawa, ko yake bin wasannin balo na unguwanni, ya san yadda abin ke faruwa. Matashi ya zabura da gudu, ko ɗan kokowa ya sunkuya zai ɗauki ƙafar abokin karawarsa, sai ka ga ya dafe bayan cinya ya tsaya cak. Kafin ya kai bakin fili an yi masa caa da shawara. Wani ya ce a murza da man zafi, wani ya ce a gasa da ruwan zafi, wani kuma har ya aiki yaro wajen mai tebur ya sayo diklofenak. Kowa da kyakkyawar niyya yake magana, kuma abu ɗaya suke son kashewa, wato kumburi.

To amma kumburin kwanakin farko shi ne mafarin gyara. Da shi jiki yake tashin ƙwayoyin da za su saƙa sabuwar tsoka. Wanda ya danne shi da ƙarfi tun ranar farko yana iya rage wa gyaran kaifi, wanda kuma ya yi ta tsokano shi har ya ƙi lafawa, tabo zai samu a inda ya kamata tsoka ta fito. Wannan jagora domin ƴan kokowa ne da masu horar da su, da ƴan balo, da ƴan dako, da manomin da ke kama hauya da ƙarfi a farkon damina bayan jiki ya yi watanni yana hutawa.

Abin da ke gudana ƙarƙashin fata

Tsoka zare-zare ce, dogaye, a ɗaure dami-dami. Kowane zare ƙwayar halitta ɗaya ce mai cibiyoyi da yawa, kuma ba ya rabuwa biyu ya haifi wani kamar yadda ƙwayoyin fata ke yi. In ya tsinke, ba shi zai maye gurbin kansa ba. Wannan aikin wasu ƙananan ƙwayoyi ne da ke maƙale a jikinsa, tsakanin fatar zaren da siririn mayafin da ya lulluɓe shi. Su ne ƙwayoyin tushe na tsoka, masana na kiran su satalayit. Alexander Mauro ne ya bayyana su a Amurka a 1961, da ya duba tsokar kwaɗo da madubin bincike mai aiki da lantarki. Ba su da yawa. In ka ƙirga cibiyoyi ɗari a tsokar baligi, nasu ba su cika kai goma ba, kuma yawancin lokaci barci suke yi. Amma a 2011 masu bincike sun kawar da su daga jikin ɓeraye, ta hanyar bin wata alama da suke ɗauke da ita mai suna Pax7, sannan suka ji wa tsokar rauni. Tsokar ba ta sake fitowa ba. Ke nan in babu su babu gyara.

Wa ke tashin su daga barci? Nan ne kumburi ya shigo.

Da zare ya tsinke, ƙananan hanyoyin jini na wurin su ma sukan fashe, jini ya taru, abin da ke cikin zaren ya zube waje. Cikin ƴan awoyi fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil za su iso su fara narkar da abin da ya mutu. Daga rana ta farko zuwa ta uku sai wasu manya, makrofaj, su cika wurin. Su ne masu haɗiye matattun guntaye, kuma suna zubo sinadarai masu kai saƙo, irin su TNF da IL-6. Waɗannan sinadarai na cikin abin da ke sa wurin ya yi zafi, ya kumbura, ya riƙa zogi, kuma su ɗin dai ne ke ce wa ƙwayoyin tushe su farka su hayayyafa. Kamar katangar laka ce da ta zube da damina: magini ba ya aza tubali a kan ɓaraguzai, sai an kwashe, kuma a nan masu kwasar su ne ke zuwa kiran maginin.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne abin da ke biyowa baya. A 2007 Bénédicte Chazaud da abokan aikinta a Faransa sun nuna cewa makrofaj ɗin nan da suka shigo da faɗa, da sun gama haɗiye matattun guntaye, sai su sauya hali. Su daina zubo sinadaran hura wuta, su koma fitar da masu kwantar da ita, irin su IL-10, da masu ciyar da girma, irin su IGF-1. Wannan sauyi yakan kankama wajen kwana na uku zuwa na biyar. A lokacin ne ƙwayoyin tushen da suka yawaita za su daina hayayyafa, su jeru, su haɗe da juna da kuma bakin tsohon zare, sabon zare ya fito. Kaɗan daga cikinsu kuma su koma barci, su zama ajiyar wata rana.

Akwai rukuni na uku da ya kamata ka san da shi, domin shi ne tushen tabo. Wasu ƙwayoyi ne da ke zaune tsakanin zaruruwa, masu iya zama nama mai tauri ko kitse. A farkon rauni sukan yawaita su yi wa wurin ɗaurin wucin gadi, kuma suna taimakon ƙwayoyin tushe. In komai ya tafi daidai, kumburin farko ne ke rage yawansu bayan sun gama aiki. In kuwa kumburi ya yi ta dawowa, sinadarin TGF-beta ya yi yawa, sai su ƙi mutuwa, su ci gaba da zuba tauri. Tabo ba ya miƙewa kamar tsoka, ba ya kuma ja. Shi ya sa za ka ga ɗan wasa yana tsagewa a wuri ɗaya shekara bayan shekara.

Saboda haka duk matakan da ke tafe manufarsu biyu ce: kada a kashe zangon farko, kada kuma a hana shi miƙa aiki ga na biyu.

Mataki na farko: ka tsaya, ka gane me ya same ka

Ka fita daga wasan nan take. Mazantakar da ke sa mutum ya ƙarasa karawa da tsagaggiyar cinya ita ke mai da raunin sati biyu ya zama na wata biyu.

Sannan ka bambance. Ciwon jikin da ke zuwa washegari ko bayan kwana biyu da aikin da ba ka saba ba, ya kama ɓangarorin biyu, ya lafa cikin kwana biyar zuwa bakwai, wannan tsamin jiki ne. Ƙananan raunuka ne a cikin zaruruwa da ɗan kumburi, kuma shi ne ke sa jiki ya fi jure aikin nan gaba. Ba ya buƙatar komai sai motsi mai sauƙi. Tsagewa kuwa farat ɗaya take zuwa, a wuri ɗaya da za ka iya nunawa da yatsa, wani lokaci har ka ji kamar an jefe ka da dutse a sha-raɓa. Bayan kwana ɗaya ko biyu fata na iya yin duhu a ƙasan wurin.

Ka nufi asibiti a ranar in ba ka iya taka ƙafa ba sam, ko ka taɓa ka ji rami a cikin tsokar, ko ta dunƙule a gefe ɗaya, ko ciwon yana daidai inda tsoka ta kama ƙashi, kamar ƙasan ɗuwawu ko bayan dunduniya. Yaro mai tasowa da ya ji irin wannan ciwo a ƙugu ya kamata a yi masa hoto, domin a shekarunsa tsoka kan ɓalle da guntun ƙashi. Hoton radiyo ƙashi yake nunawa. Wanda ke nuna tsoka da tarin jini shi ne eko, irin hoton da ake yi wa masu juna biyu.

Mataki na biyu: kwana biyu zuwa uku na farko

Aikinka a nan shi ne hana jini ƙara zuba. Ka naɗe wurin da bandeji mai miƙewa, daga ƙasa zuwa sama, ya kama amma kada ya matse. In yatsu suka yi sanyi ko suka dinga yi maka kamar tafiyar kiyashi, ka sassauta. Ka kwanta ka ɗora ƙafar bisa matashi ta fi ƙirji tudu. In taku na sa ka ɗingishi sosai, ka riƙe sanda kwana biyu, ba abin kunya ba ne.

Abubuwa uku ka guje musu a waɗannan kwanaki: tausa mai ƙarfi, gashi, da miƙe tsokar da ƙarfi. Na san wannan ya saɓa wa abin da muka taso muka tarar. Iyayenmu mata da ruwan zafi da tsumma suke nuna ƙauna, kuma gashi yana da ranarsa, za mu zo kanta. Amma zafi yana buɗe hanyoyin jini, murza kuma tana farfasa gudan jinin da ya fara toshe ɓarakar. A gaban cinya musamman, inda gwiwar wani ta doke ka, tarin jinin da aka yi ta dama shi yana iya rikiɗewa ya zama ƙashi a tsakiyar tsoka, gwiwa ta kasa lanƙwashewa tsawon watanni. In Inna ta kawo ruwan gashi ranar farko, ka ce mata: "Inna, a bari sai nan da kwana uku, yanzu jini bai tsaya ba." Za ta gane. Ƙaho da tsaga su ma kada a yi su a kan wurin. Jinin da ya taru a ciki abinci ne ga ƙwayoyin cuta, kuma fata ce kaɗai ta raba su da shi.

Ƙanƙara fa? Tun 1978 wani likitan wasanni a Amurka, Gabe Mirkin, ya yaɗa tsarin hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗaga gaɓa, duniya ta bi. A 2014 shi da kansa ya fito ya ce ƙanƙara da hutu mai tsawo na iya jinkirta warkewa. Gwajin da aka yi a kan ɓeraye a jami'ar Kobe ta Japan a 2021 ya nuna sanyaya babban rauni yana jinkirta isowar makrofaj da fitowar sabon zare. Wani gwajin nasu na baya, a kan ƙaramin rauni, ya nuna sanyin ya taimaka. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne ƙanƙara maganin zogi ce, a yi amfani da ita a haka. Ka naɗe ta a ƙyalle, ka ɗora minti 10 zuwa 15, ka cire, ka maimaita sau biyu ko uku a ranar farko in zogi ya dame ka. Kada ka kwana da ita, kada ka ɗora ta a fata tsirara, kada kuma ka yi sati kana yi.

Mataki na uku: maganar ƙwayoyi

A nan zan daɗe, domin nan ne aka fi yin ɓarna.

Diklofenak da ibuprofen da danginsu suna aiki ne ta hana jiki haɗa wasu sinadarai da ake kira prostaglandin. Su ne ke ƙara zogi, shi ya sa in ka sha kake jin sauƙi. Sai dai ɗaya daga cikinsu, PGE2, saƙo ne kai tsaye zuwa ga ƙwayoyin tushe. A 2017 Helen Blau da abokan aikinta a jami'ar Stanford sun nuna cewa PGE2 na ƙaruwa a tsokar ɓera a kwanakin farko na rauni, yana sa ƙwayoyin tushe su yawaita, kuma da aka toshe shi da irin wannan magani, tsokar ta warke da ƙarancin ƙarfi. A kan mutane ma an gwada. A Danmak an zuba maganin indometasin kai tsaye cikin tsokar cinya lokacin motsa jiki mai tsanani, sai ƙwayoyin tushe suka kasa ƙaruwa yadda suka ƙaru a ɗaya ƙafar. A Suwidin kuma, matasan da suka sha miligiram 1200 na ibuprofen kullum tsawon sati 8 suna ɗaga nauyi, tsokarsu ba ta girma kamar ta waɗanda aka ba ɗan ƙaramin asfirin ba.

Akwai gwajin da ya nuna akasin haka a raunin da ya yi tsanani ƙwarai, kuma wanda ya sha ƙwaya biyu don ya samu barci bai lalata tsokarsa ba. Abin gudu shi ne ɗabi'ar da ta zama ruwan dare: a sha kafin a shiga fili, a sha bayan an fito, a sha kullum har sati biyu. Banda abin da take yi wa gyara, a ƙasarmu akwai wani haɗarin da ya fi kusa. A watan Afrilu da Mayu zafin Tawa kan wuce digiri 40. Mutum ya yi gumi, ruwan jikinsa ya ragu, wataƙila ma yana azumi, sannan ya ɗora diklofenak. Ƙoda ce ke biyan wannan bashi. Mai gyambon ciki, mai hawan jini, mai ciwon ƙoda da mace mai juna biyu, kada su kusance su sai da izinin likita.

To me za a sha? In zogi ya hana ka sakat, farasitamol ya wadatar a kwanakin farko: ga baligi miligiram 500 zuwa giram 1, a bar awa 6 tsakani, kada a wuce giram 3 a yini. A farmasi za ka saya, ba a kan teburin da rana ke duka ba. In likita ya ga kumburin ya wuce kima ya rubuta maka ɗaya daga cikin waɗancan, ka sha iya kwanakin da ya ce ka tsaya.

Wasu magunguna biyu kuma ina roƙon masu horarwa su yi nesa da su. Allurar deksametazon da danginta tana kashe kumburi har ɗan wasa ya ji kamar ya warke, amma a gwajin dabbobi tsokar da aka yi wa irin wannan allura ta yi kyau a kwanakin farko, daga baya ta lalace ta fi wadda aka ƙyale rauni. Tiramol kuwa ba ya gyara komai. Yana rufe bakin zogi ne kawai, mutum ya koma ya taka raunin da bai haɗe ba, ga jarabar shansa da ke bin baya, wanda duk mun ga abin da ya yi wa samari a garuruwanmu.

Mataki na huɗu: ka fara motsi da wuri, cikin hankali

Da yawa suna zaton tunda an ce a huta, sai a kwanta har ciwo ya ɓace. Wannan ma kuskure ne. Sababbin zaruruwa suna buƙatar a ɗan ja su kafin su jeru a layi ɗaya da tsofaffin, kuma motsi yana kawo sababbin hanyoyin jini. Tsokar da aka bari kwance tana ramewa cikin ƴan kwanaki, tabonta kuma ya fito a hargitse.

A 2017 an wallafa wani gwaji daga Kofanhagan ta Danmak a kan ƴan wasa 50 da suka tsage tsokar cinya ko sha-raɓa. Rabi sun fara atisayen farfaɗowa kwana 2 bayan rauni, rabi sai bayan kwana 9. Atisayen iri ɗaya ne. Waɗanda suka fara da wuri sun koma wasa kimanin sati uku kafin sauran, ba tare da raunin ya fi dawo musu ba.

Ga yadda za ka yi, mu ɗauki bayan cinya misali. Daga kwana na biyu ko na uku, ka kwanta rigingine, ka ɗan lanƙwashe gwiwa, ka danna dunduniya a ƙasa kamar za ka ja tabarma zuwa gare ka, ba tare da ƙafar ta motsa ba. Ka riƙe daƙiƙa 5 zuwa 10, ka saki, sau goma, sau biyu ko uku a yini. Ka riƙa lanƙwashe gwiwa kana miƙewa a hankali iya inda ba ta yi maka zafi. Ka yi tafiya a fili mai laushi, gajeren taku. Ma'auninka shi ne zogi: in ka kasa shi goma, ka tsaya a biyu ko uku. In ya soke ka, ko ka tashi da safe wurin ya fi jiya kumbura, ka wuce gona da iri, ka koma baya kwana ɗaya. Sabon kumburi a wannan zango alama ce ta cewa ka yaga abin da aka fara saƙawa, makrofaj sun koma aikin kwasa maimakon ciyarwa.

Yanzu ne lokacin gashi. Bayan kwana uku, in kumburi ya daina ƙaruwa, ruwan ɗumi minti goma kafin atisaye yana sassauta wurin. Tausa mai sauƙi a kewaye ma babu laifi, amma banda danna tsakiyar raunin da babban yatsa. Sallah kuwa, in ruku'u ko zaman tahiya na ja maka wurin, ka yi a zaune na ƴan kwanaki, addini ya yi sauƙi a nan.

In kana da hali, ka nemi likitan motsa gaɓoɓi, wanda a asibitocinmu ake ce wa kine. Ko zuwa biyu ko uku ne, zai gwada ƙarfinka ya tsara maka abin da za ka ci gaba da yi a gida.

Abinci da barci

Sabon zare da furotin ake yin sa. Mai jinyar tsoka yana buƙatar wajen giram 1.6 a kowane kilo na nauyinsa a yini, wato mai kilo 70 ya nemi sama da giram 110. Tuwon hatsi da miyar kuka kaɗai ba za su kai shi nan ba. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6. Busasshen wake da gyaɗa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu furotin ne. Mu kuwa a Adar Allah ya hore mana cuku da nono, ga ƙuli-ƙuli, ga fara in lokacinta ne, ga kilishi ga mai hali. Ka rarraba su cikin yini: ƙosai ko ƙwai da safe, fura da nono mai yawa da rana, shinkafa da wake ko ɗan nama da dare, kwaɗon zogale da ƙuli a tsakani. Kada ka rage ci don ka daina wasa, gyara ma yana cin ƙarfi. Ka sha ruwa har fitsari ya yi haske.

Barci awa 7 zuwa 9. Wannan yana nufin a rage zaman fada da shayi na uku da tsakar dare na ƴan makonni. Taba tana rage iskar da ke kaiwa ga rauni, giya kuma tana rage saƙar furotin.

Mataki na biyar: ƙarfafawa da komawa fili

Daga wajen kwana na goma ɗaurin da jiki ya yi ya fara ƙwari, amma zaruruwan da ke gefensa sirara ne tukuna. Nan za ka fara ƙara nauyi. Ka kwanta rigingine ka ɗaga ƙugu da ƙafa biyu, in ya yi sauƙi ka koma ƙafa ɗaya. Ka tsaya da ƙafar mai ciwo ka sunkuya a hankali, bayanka a miƙe, ka dawo. Atisayen da ya fi amfani shi ne wanda tsoka ke riƙe nauyi tana miƙewa, domin a irin wannan hali take tsagewa. Mafi shahara shi ne ka durƙusa bisa gwiwoyi, abokinka ya danne maka idon sawu, ka riƙa faɗowa gaba sannu-sannu kana riƙe kanka da bayan cinya har ka tare da hannu. Nazarin da ya tattara gwaje-gwaje da yawa a 2019 ya nuna ƙungiyoyin da ke yin sa sun rage tsagewar bayan cinya da kusan rabi. Yana da wuya, sai a ƙarshen jinya ake shigo da shi, a fara da uku ko huɗu.

Gudu ma hawa-hawa ne: sassarfa, rabin gudu, sannan cikakke, da kwana ɗaya na hutu tsakani. Ƙaramar tsagewa kan ɗauki sati ɗaya zuwa uku, matsakaiciya sati huɗu zuwa takwas, wadda ta rabu gaba ɗaya kuwa watanni, wani lokaci sai da tiyata. Amma kada ka bi kalanda. Ka koma ne in ka danna wurin ba zafi, ƙafar tana miƙewa daidai da ƴar'uwarta, ƙarfinsu ya yi kusan ɗaya, kuma ka yi cikakken gudu da juyi sau da yawa ba tare da kana tsoron ta ba. Yawancin raunukan da ke dawowa a makonnin farko na komawa suke dawowa. Tun 1975 da aka fara gasar takobin ƙasa a nan Tawa, kokowa ta zama abin alfaharin jiha, kuma na san irin matsin da ke kan ɗan kokowa in zaɓen waɗanda za su wakilci jiha ya matso. Duk da haka mai horarwar da ya ce wa yaronsa "bana ka haƙura" ya yi masa gatan da ya fi na wanda ya kai shi a yi masa allura.

In kumburi ya zauna daram

Duk abin da na faɗa na kare kumburi, na kwanakin farko ne. Akwai wani iri, mara ƙarfi, wanda ba ka ganinsa da ido amma yana nan kullum a cikin jini. Yana tare da tsufa, da teɓa, da ciwon suga da ba a kula da shi ba, da shan taba. A irin wannan jiki TNF da IL-6 ba sa sauka, ƙwayoyin tushe suna jin kira ba dare ba rana har su gaji, yawansu ya ragu, tauri da kitse su riƙa cin wurin tsoka. Mutum yakan fara rasa tsoka a hankali tun bayan shekara 30, abin ya ƙara sauri bayan 60.

Wani gwaji na 2005 ya ba da ƙwarin gwiwa. An haɗa hanyar jinin tsohon ɓera da ta ƙarami, sai ƙwayoyin tushen tsohon suka farfaɗo suka gyara rauni fiye da da. Ashe ba duka suka mutu ba, muhallin da suke ciki ne ya danne su. Mu ba mu da jinin da za mu sauya wa Baba, amma tsokar da ke aiki da kanta tana fitar da sinadaran da ke rage wannan kumburi. Dattijo ya riƙa tafiya masallaci da ƙafa, ya tashi daga kujera ya zauna sau goma safe da yamma, a sa masa nono da wake a abinci, a riƙa auna masa suga. In ya ji rauni, a ba shi lokaci fiye da na saurayi, amma kada a bar shi kwance.

Yaro namiji kuma da ke yawan faɗuwa tun yana shekara uku zuwa biyar, yana dafa cinyoyinsa kafin ya miƙe, sha-raɓarsa ta yi girma amma ba ƙarfi, a kai shi wajen likitan yara. Akwai ciwon gado mai suna Duchenne da ke kama kusan ɗaya cikin yara maza 3,500 zuwa 5,000, inda zaruruwa ke ta lalacewa, kumburi ba ya yankewa. A can likitoci da kansu suke ba da magungunan danne kumburi, bisa awo da sa ido.

Alamomin da ba a jira da su

In bayan aiki ko atisaye mai tsanani fitsarinka ya koma kalar shayi, jiki ya yi tsami fiye da kima, to abin da ke cikin tsoka ne ya malalo cikin jini, kuma yana iya toshe ƙoda. Zafin rana da ƙarancin ruwa suna ƙara haɗarin, haka ma ga mai ɗauke da jinin sikila. Ka tafi asibiti a ranar, kada ka sha diklofenak.

In ƙwauri ko damtse ya kumbura ya yi tauri, zogi na ƙaruwa duk da magani, yatsu sun fara mutuwa, wannan matsi ne a cikin tsoka da ke hana jini wucewa, kuma awoyi kaɗan ake da su a yi tiyata a buɗe wurin. In sha-raɓa ta kumbura ta yi ɗumi bayan doguwar tafiya a mota ko doguwar kwanciya, ba tare da ka ji lokacin da ta tsage ba, kada a tausa, yana iya zama gudan jini ne a jijiya. In numfashi ya fara yi maka wuya a kan haka, gaggawa ce.

Sai kuma wanda ya fi yawa a ƙasashe masu zafi irin namu: tsoka ta kumbura, ta yi zafi, ga zazzaɓi, kuma maimakon sauƙi bayan kwana uku ko huɗu sai abin ya ƙaru. Sau da yawa ƙwayar cuta ce ta shiga ta tara mugunya a can ciki, musamman ga yara, masu ciwon suga da waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni. Akan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne a yi ta shan maganinsa, ko a kai wa wanzami ya yi sakiya. Wannan sai an duba da eko, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, in mugunya ta taru a fitar da ita a asibiti.